Kawu Likita da Ƙofar Hanta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu wata Talata da hantsi a gidanmu na gado da ke Tsafe, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Sama da shekara talatin ya yi yana tiyatar ciki, mafi yawansu a Gusau. Na ɗauka zauren gidan zai yi wa masu ta'aziyya kaɗan, har na sa aka aro tabarmi daga maƙwabta. Cikin kwana ukun nan ko sau ɗaya ba a shimfiɗa na aron ba.

Waɗanda suka zo kuwa, kowa da irin Kawun da ya sani. Wani ɗan baffan su Kawu da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya shafa fatiha, ya gyara zaman babbar riga, ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Amma dai mutum ne mai wuyar zama. Ka gaishe shi, shi amsa maka da kalma ɗaya." Likitoci biyu sun zo daga wurin aikinmu, suka yi addu'a suna duba agogo. Da na raka su mota, ɗayan ya rage murya ya ce da ni, "Aiki kam ya iya, ba mai musu. Sai dai bai san rufa wa abokin aiki asiri ba." Ya san ina cikin waɗanda ba a rufa wa ba.

Sista, dattijuwar da ta shekara ashirin tana miƙa masa kayan aiki a ɗakin tiyata, ta shiga cikin gida wajen Inna, mahaifiyata. Inna ta ce Sista ba ta yi kuka ba. Zama ta yi, ta buɗe tafin hannunta a kan cinya tana kallo, can ta ce, "Hajiya, kafin ya buɗe baki na san abin da yake so. Yanzu sai na koma tambaya kamar sabuwa."

Rana ta uku wani tsoho ya zo, ya zauna can bakin zaure kusa da takalma. Aka tambaye shi daga ina. Ya ce, "Ni mahauci ne, daga Bungudu. Shi ɗai ne ya taɓa sayen hanta wurina ba don shi ci ba." Mutane suka kalli juna, wasu suka yi murmushi. Ni kaɗai na gane shi, ni kaɗai kuma na tashi na koma kusa da shi.

Da aka watse, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Kai ka fi kowa zama da shi, kai kuma ka fi kowa jin haushinshi. Ka rubuta abin da ka sani. In ba haka ba, gaba kaɗan sai dai a ce an taɓa wani likita marar fara'a." Shi ne nake rubutawa.

Na zo aiki ƙarƙashinsa ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba. Lokacin Gusau ta cika da sababbin ma'aikata, kowa na neman ofis da kujera. An yi wa Kawu tayin babban muƙami a ma'aikatar lafiya. Abin da ya tambaya kawai shi ne wa zai riƙe ɗakin tiyata in ya tafi. Aka ce za a duba. Ya ce in an duba an samu, a sanar da shi. Maganar ba ta sake tasowa ba.

Matarsa ta rasu da jimawa, 'ya'yansa mata biyu aure ya kai su nesa. Shi kaɗai yake zaune a gidan ma'aikata, ɗaki biyu da falo. Wata maƙwabciya ke aiko masa da tuwo, ya ci rabi ya rufe rabi don ɗumame. Ba ya zuwa majalisar kowa. In an fito masallaci ana tsayawa hira, shi sai dai ka hango bayansa. Yana da wata al'ada da ta sa sababbin ma'aikata ke tsoronsa: kafin ka shiga tiyata da shi sai ka miƙa hannu ya duba farcenka. Babba ne kai ko ƙarami, in ya ga baƙi a ƙarƙashi zai nuna maka famfo da haɓa. A gida ina ce masa Kawu, ya ce mini "ɗan nan". Da mun shiga ƙofar asibiti na koma Likita, shi kuma Yallaɓai.

Satina na biyu, wata Asabar da safe, ya tsaya ƙofar gidana da tsohuwar motarsa ya ce in shigo. Har muka kai Bungudu bai gaya mini inda za mu ba. Muka ratsa kasuwa zuwa rumfar mahauta. Tsohon nan da ya zo ta'aziyya, da ya hango mu, ya sunkuya ya ɗauko wata hantar rago da ya ware a ƙarƙashin tebur, ba a taɓa ta da wuƙa ba, matsarmamarta na manne a jiki, koriya shar.

Kunya ta kama ni. Na gama makarantar likita, na ci jarrabawa a kan wannan hantar, ga ni tsaye cikin ƙudaje ana kallona. Na ce, "Kawu, ai mun yi wannan a makaranta."

Ya ce, "Kun yi ta a littafi. A littafi an shafa wa kowace jijiya launinta. Cikin mutum ba wanda ya shafa maka."

Ya juya hantar ya kwantar da ita a bayanta. Ya ce ta rago ba daidai take da ta mutum ba, amma darasin ɗaya ne. Daga waje sai ka ga kamar ɓari biyu ce, babba da ƙarami. A ciki kuwa ta mutum sassa takwas ce, kowane sashe da jijiyarsa da magudanarsa, kamar gidan gandu mai sassa takwas da zaure ɗaya. Wannan zauren shi yake kira ƙofar hanta. Abu uku ne ke bi ta nan a haɗe: babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji, ƙaramar jijiya mai bugawa da ke kawo jini daga zuciya, da bututun da ke fitar da ruwan ɗaci zuwa hanji. Matsarmama kuma 'yar jaka ce a gefe, da ɗan siririn bututunta da ke shiga babban.

Ya zari tsinken tsintsiya ya ba ni, ya ce in zura shi a bututun matsarmama. Na zura da sauri. Ya bi tsinken da yatsa, sai ga shi a cikin babban bututu.

Ya ce, "Da mutum ne, ka gama da shi."

Mahaucin ya yi dariya, ya karɓi hantar, ya ɗaga matsarmamar da yatsa biyu, ya bi bayanta da bakin wuƙa a hankali har ta rabu, ko ɗigo bai zuba ba. Ya ce, "In ta fashe, nama ya yi ɗaci, ba mai saye."

Kawu ya ce, "Ka gani? Bai yanka ba sai da ya ga abin da zai yanka. Kuma ka sani, bututun nan ba ya tafiya hanya ɗaya a jikin kowa. Na wani dogo, na wani gajere, na wani ya laɓe bayan ɗan'uwansa. Duk abin da ba ka iya kiran sunansa da ƙarfi a gaban Sista ba, kada ka ɗaure shi, kada ka yanke shi."

Asabar shida muka yi muna wannan tafiyar. A hanyar dawowa ba ya magana, sai rediyo.

Ranar da na fara ganin amfanin rumfar mahautan, wani magidanci mai kabu-kabu aka kawo da tsakar rana. Mota ta buge shi a hanyar Tsafe, kan babur ɗin ya daki haƙarƙarinsa na dama. Ya yi fari fat, cikinsa ya kumbura. Da muka buɗe, jini ne ya cika ko'ina, ana kwashewa yana dawowa. Hantar ta tsage. Na kai almakashin matse jijiya cikin jinin da ban ga ƙarƙashinsa ba. Kawu ya buge mini hannu.

"Ba a kamun abin da ba a gani ba."

Ya zura hannun hagu a hankali ƙarƙashin hantar, yatsa ɗaya a baya, babban yatsa a gaba, ya matse ƙofar. Ya ce wa Sista ta duba agogo ta riƙa faɗa masa. Muna kallo jinin ya ja baya, tsagar ta bayyana. Ya ɗaure abin da ya ga zai ɗauru. Sauran wurin mai zurfi ne, ya ƙi binsa. Ya jera ƙyallaye masu tsabta sama da ƙasan hantar har suka danne ta, Sista ta ƙirga su da ƙarfi, ya rufe cikin.

Na ce, "Yallaɓai, ba mu gama ba."

Ya ce, "Mu ba mu gama ba, shi kuwa ya kusa gamawa. Jikinsa ya yi sanyi, jinin da muke da shi ya ƙare. In na tsaya nuna gwaninta, gawa zan yi wa kyakkyawan ɗinki. Jibi mu dawo."

Bayan kwana biyu muka koma muka cire ƙyallayen, jinin ya tsaya. Mutumin ya fita asibiti da ƙafarsa. Kawu bai taɓa ba da labarin ba, ko sau ɗaya, ga kowa.

Yanzu sai in zo kan abin da ya shiga tsakaninmu. Na daɗe ina shawarar ko in tsallake shi, amma in na tsallake, ba Kawu na rubuta ba.

Wata mata ce daga wani ƙauye a bayan Bungudu, uwar 'ya'ya biyar, tsakuwa ta cika mata matsarmama. Lokacin na yi irin wannan aikin sau da dama a gaban Kawu, har ya fara barina ni kaɗai. Ranar yana ɗakin da ke kusa yana wani aikin. Kafin ya shiga ya ce, "In ka yi shakka, ka aiko." Da na buɗe, na tarar kumburi ya manne komai da komai. Na ga wani bututu da ya yi kama da wanda nake nema. Sista ta ɗan jinkirta miƙo mini zare, ta ce, "Likita, ko a kira Yallaɓai?" Na yi shakka, wallahi na yi. Amma sai na ji ba na so a ce kullum sai an riƙe mini hannu. Na ce ta miƙo. Na ɗaure, na yanke.

Kwana uku bayan haka, muna zagayen marasa lafiya da safe, Kawu ya ja fatar idon matar ƙasa. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Ya duba fitsarinta, ya yi duhu kamar baƙin shayi. Ya dube ni kawai.

Muka sake shiga da ita. Babban bututun na yanke. Ya sa na riƙe wurin a buɗe, ya nuna mini ɗaurin da na yi da bakin almakashi, ya ce, "Kira sunansa." Na kira. Ya shafe wajen awa huɗu yana gyara, ya jawo hanji ya haɗa shi da guntun bututun da ya rage a ƙofar hanta, da zare siriri kamar gashi. Da muka fito muna wanke hannu, ta taga muna hango mijin matar zaune a gindin dogonyaro, da kular abinci a gabansa.

Kawu ya ce, "Mi za ka gaya mashi?"

Na ce, "Zan ce ciwon ne ya zo da gardama, an sake gyarawa."

"Ciwon ne ya ɗaure bututun?"

Na rufe famfon. Can na ce, "Kawu, ka san abin da wannan zai yi wa sunana a garin nan."

Ya ce, "Nan ba Kawu. Kuma cikin da ka buɗe ba naka ba ne, amana aka ba ka tana barci. Mai amana yana da haƙƙin ya san abin da ya sami kayansa. Wuce mu tafi."

Ban san yadda na isa gindin bishiyar ba. Muka tsuguna. Na yi bayani, na ce akwai hanyar da ruwan ɗaci ke bi daga hanta, ni na yanke ta bisa kuskure, shi ya sa idonta ya canza, shi ya sa aka sake buɗe ta. Kafin mutumin ya yi magana Kawu ya ce, "Malam, ni ne babba a nan, ni kuma na bar shi shi kaɗai a ɗakin. Laifin namu ne mu biyu."

Mijin ya ɗago kai. Ya ce, "Za ta tashi?"

Kawu ya ce, "Muna sa rai. Amma za ta daɗe a kwance, kuma sai ta riƙa zuwa ana duba ta, wataƙila har iyakar rayuwarta."

Mijin ya ce, "To. Na ji. Ba ni cewa na yafe, don ba jikina anka yanka ba. Ku gaya mata in ta farka."

Muka gaya mata da ta samu ƙarfi. Ta saurara har na gama, ta juya fuskarta ga bango. Sati bakwai ta yi a asibiti. Ranar cire zare ta ce tsohon likita take so, ba ni ba. Ta warke, ta koma ga 'ya'yanta, amma har yau ban ji kalmar yafiya daga bakinta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bai tsaya nan ba. A taron likitoci na ƙarshen wata ya miƙe ya karanta abin da ya faru daki-daki, sunansa a farko, nawa na biye. Na fita daga ɗakin ina jin kowa na kallon ƙeyata. Ranar Juma'a na tafi Tsafe na kai ƙara wajen Inna kamar ƙaramin yaro. Washegari ta hau motar haya zuwa Gusau, abin da ba ta saba yi ba. Ina tsaye bakin ƙofar falonsa ta ce, "Ɗan 'yar'uwarka za ka tozarta gaban baƙi? Wa gare ka duniya in ba shi ba?"

Ya ce, "Yaya, da ɗiyarki ce kwance a gadon nan, mi za ki so a gaya miki?"

Ta ce, "Kada ka yi mani wa'azi. Wanga hali naka shi ya sa kake cin tuwo kai ɗai."

Ya sunkuyar da kai. Ta fita ko ruwa ba ta sha ba. Wata huɗu ban taka gidansa ba. A asibiti in gaishe shi da Yallaɓai, ya amsa da Likita, shi ke nan.

A cikin watannin nan ne aka kawo wata mai ciwon matsarmama. Na duba allon aiki na ga sunana a kai. Na same shi na ce a ba wani. Ya ce, "An riga an rubuta." Da na shiga ɗakin, na tarar da shi ya wanke hannu ya tsaya ɗaya ɓangaren, wurin da mataimaki ke tsayawa. Ya karɓi ƙarfen buɗe ciki ya riƙe mini, mutum mai furfura, awa biyu cur, bai gyara mini ko abu ɗaya ba. Da na ɗaura zaren ƙarshe ya cire safar hannu ya ce, "Asabar in ba ka da aiki, akwai tuwo." Iyakar sulhun da muka yi ke nan.

Bayan kamar shekara guda na lura wandonsa ya yi masa yawa, kuma yana barin tuwon gaba ɗaya. Wata safiya mun gama shiri, mara lafiya ya yi barci, Sista ta miƙa masa wuƙa. Ya riƙe ta, ya dubi hannunsa na ɗan lokaci, sannan ya juya ƙotar ya miƙo mini. Ya ce, "Yau ba ni da ƙarfin tsayuwar awa uku. Bai kamata in fara abin da ban tabbatar zan ƙarasa ba." Bai sake riƙe wuƙa ba daga ranar.

Da la'asar, bayan an sallami masu ganin likita, ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya cire riga ya kwanta a gadon gwaji. Ya ce, "Duba ni."

Na ɗora hannu a ƙasan cikinsa na dama ina hawowa, yana jan numfashi kamar yadda muke sa marasa lafiya. Tun ban kai haƙarƙari ba hantar ta bugi yatsuna. Ta sauko sosai, tauri kamar dutse, ga ƙulli-ƙulli a samanta.

"Mi ka ji?"

Na ce, "Ta ɗan kumbura, Kawu. Wataƙila wani ciwon ne da magani zai..."

Ya kama wuyan hannuna ya mayar da shi wurin, ya danna. "Likita, mara lafiya ya tambaye ka. Mi ka ji?"

Na faɗa masa: girmanta, taurinta, ƙullin, da sunan ciwon da nake zato. Ya saki hannuna ya ce, "Haka ni ma na ji, tun watan jiya. So nake in ji daga bakin wani."

An yi hoto, ya tabbatar. Na dage sai mun tafi babban asibiti a wata jihar a gwada yankewa, na ce ai shi ya koya mini hanta na sake tofowa in an bar mata sashe mai lafiya. Ya ɗaga hoton a hasken taga ya ce in nuna masa sashen. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har takwas. Babu. Ya ce, "Da wani ne aka kawo maka da wannan hoton, za ka buɗe shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To kada ka sa wani ya buɗe ni don ka ji sanyi a ranka."

Ya koma Tsafe, ɗakin da kakarmu ta zauna. 'Ya'yansa suka zo suka yi makonni, hidimar gidajensu ta ja su suka koma, suka sake dawowa. Inna, wadda ta yi masa gorin tuwo, ita ke dama masa kunu tana ba shi da ludayi. Masu dubiya ba su da yawa. Duk Asabar nakan hau mota in je. In na shiga ba ya tambayar labarin gari, sai ya ce, "Mi kunka buɗe satin nan?" In ba shi labari, ya lumshe ido, yatsunsa na motsi a kan zane.

Asabar ɗin da ta zama ta kusa da ƙarshe, da yamma, idonsa ya yi ɗorawa sosai, murya ta dushe. Ya ce in matso.

Ya ce, "Ɗan nan, ka ɗauka ban taɓa yin irin naka ba? Na yi, ina shekarunka. Wani Bafulatani ne, ƙanensa ya kawo shi. Na yanke bututun kamar yadda ka yanke. Babu wanda ya iya gyarawa a wurin, ni ma ban iya ba. Ya yi kwana goma sha ɗaya ya rasu. Ƙanen ya tambaye ni abin da ya faru, na ce ciwon ne ya fi ƙarfinmu. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini godiya, ya sa mini albarka." Ya tsaya ya huta. "Daga baya na nemi rugarsu, an ce sun tashi. Shekara talatin godiyar nan na bina. Ban iya zama cikin mutane ana ce mini gwani. Ranar nan a gindin bishiya, ba tozarta ka na yi niyya ba. Ban so ka ɗauki irin kayan da na ɗauka."

Na riƙe hannunsa, ba shi da nauyi, kamar na yaro. Ya ce in ina addu'a in riƙa haɗawa da mutumin, ko da ba mu san sunan mahaifinsa ba.

Sati bakwai da rasuwarsa, ina zaune a ofishin da ya zama nawa, aka shigo da wani dattijo manomi daga Bilbis, da sanda da hula ta sha rana. Ya dube ni, ya dubi bayan ƙofa, ya ce, "Tsohon nike nema." Na tambaye shi abin da ke damunsa. Ya ce ba komai. Sa ne ya soke shi a gona tun ina makarantar firamare, tsohon ya ɗinke masa hanta, ya ce ya riƙa zuwa duk shekara bayan an gama girbi. Bai taɓa fashi ba.

Na ce, "Baba, Allah ya yi masa rasuwa a Tsafe. Yau sati bakwai."

Ya zauna a hankali a bakin gadon gwaji, ya jingine sandar. Ya daɗe bakinsa na motsi. Ya ce, "Ba wanda ya gaya muna." Sannan ya ɗaga rigarsa ya kwanta, ya ce, "To kai duba, tunda na zo."

Tabon ya bi ƙarƙashin haƙarƙari, siriri, ya kusa ɓacewa cikin fata. Na san hannun da ya yi shi. Na ɗora yatsuna, na ce ya ja numfashi. Gefen hantar ya taɓo ni a hankali, mai laushi, sumul.

Na ce, "Lafiya lau take, Baba."

Ya sauke riga ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Tsafe kan hanyata take. Wace maƙabarta ce, kuma wane gefe?"

Na ɗauki takardar rubuta magani na zana masa hanya. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa wanda ya faɗa da wanda bai samu faɗa ba, ya haɗa shi da Bafulatanin nan a inda za su iya yin magana.